Sarauniya Mangu ta Lugu, Matar da Ta Tare wa Nasara Hanya

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, don maganar yau ta gida ce.

A ƙarshen 1898 Faransa ta tura rundunar Kyaftin Vule da Kyaftin Shanwan su ratsa ƙasa har Tafkin Chadi. Rundunar ba ta da isasshen guzuri, saboda haka duk garin da ta sauka sai ta kwashe rumbuna, ta kama maza ɗaukar kaya, ta kwashi mata, sannan ta cinna wa garin wuta. Labarinta ya riga ta isa ko'ina. Sarakuna da yawa suka ga ƙarfin bindiga, suka ba da hanya, kuma ni ban ga laifin mai ceton ran talakawansa ba.

To, a ƙasar Arewa da ke cikin Nijar ta yau, kusa da Dogon Dutse, akwai wani ɗan gari, Lugu. Garin Azna ne, kuma mace ke riƙe da shi. Ku lura, ba matar sarki ba ce. Ita ce mai ƙasa, ita ke kula da tsafin garin, har da dutsen shari'a da ake kira Tunguma. Wannan ita ce Sarauniya Mangu. Da aka ce mata ga Nasara nan tafe, sai ta tara mayaƙanta masu kwari da baka.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Ku duba da kyau: can bindigogi, nan kibiya mai dafi. Maharban Lugu suka ja cikin kurmi mai ƙaya, inda sojan da ya saba jerin gwano ba ya iya motsi, suna harbi daga duhuwa. Faransawa da kansu sun rubuta cewa an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi kusan 7,000. An ƙone Lugu, gaskiya ne, amma hannunsu bai kai ga Sarauniya ba.

Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni suka yi kisan gilla a watan Mayu. Tun kafin nan labarin ta'asar rundunar ya kai Faris, aka aiko Kanar Kulob ya karɓe ta. Vule ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Kwana uku ba su wuce ba, sojojinsu suka juya suka kashe Shanwan da Vule a wajen Maijirgi. Mutanen Arewa suna cewa asirin Sarauniya ne ya haukata su.

Har gobe kuma, in kun je Lugu, za ku tarar da mace a kan wannan sarauta.