Amsoshin Tambayoyinku: Matokarin Yatsa da Ciwon Gaɓoɓin Hannu

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware a yau duk sun shafi yatsun hannu ne, kuma kusan kowacce ta taɓo ɗan abin nan da ake ɗaura wa yatsa domin a hana shi motsi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira sifilint. Wani ana yin sa da roba mai tauri, wani kuma ɗan fallen alminiyam ne da aka shimfiɗa wa soso. Aikinsa ɗaya ne da na karan ɗori da muka sani tun kaka da kakanni, amma a wannan fili za mu riƙa kiransa matokari. Kowane yatsa yana da ƙasusuwa 3 in ban da babban yatsa mai guda 2, kuma amfanin matokari ya rataya ne a kan sanin wace gaɓa za a riƙe, wacce za a bari tana motsi, kuma har tsawon wane lokaci.

Wasiƙar farko ta zo ne daga wani matashi a Funtuwa, mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Ya ce ƙwallo ta buge shi a kan yatsansa na tsakiya, tun daga ranar kan yatsan ya lanƙwashe ƙasa, idan ya ɗaga shi da ɗaya hannun yana miƙewa, da ya sake shi sai ya koma ya rusuna. Ya sayi matokari a kemis, yana cire shi duk lokacin alwala da wanka, ga shi yau mako 3 babu wani sauyi. Yana tambaya ko matokarin ne ba shi da kyau.

To, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Bisa yadda ka kwatanta, matokarin ba shi da laifi, cirewar ce take warware aikin. A bayan kowane yatsa akwai wata siririyar jijiya mai kama da igiya, wadda ta taso daga tsokar hannu ta zo ta manne a ƙashin ƙarshe, dab da gindin farce, kuma ita ce ke miƙar da kan yatsa. Lokacin da ƙwallo ta tanƙware yatsan da ƙarfi, wannan igiya ta tsinke, ko kuma ta ɓalle tare da ɗan guntun ƙashi. Bakunan nan biyu da suka rabu ba sa haɗuwa sai gaɓar ƙarshe tana miƙe, kuma sabon naman da ke tsirowa a tsakaninsu a makonnin farko bai fi yanar gizo ƙarfi ba. Duk sa'ad da ka zare matokarin kan yatsan ya faɗi, ko da na ƙiftawar ido ne, wannan sabon naman ya yage, lissafi kuma ya koma ranar farko. Wanda yake yin haka sau 5 a yini, a gaskiya bai fara magani ba tukuna.

Ƙa'idar ita ce a riƙe gaɓar ƙarshen a miƙe dare da rana, babu yankewa, tsawon mako 6 zuwa 8, daga nan a ci gaba da sawa da dare kawai na wasu makonni 2 zuwa 4. Gaɓar tsakiya kuwa a bar ta a sake, ka riƙa lanƙwasa ta kana miƙewa, domin ita lafiyarta ƙalau, ɗaure ta kuma sanƙarewa zai jawo mata. Fata tana bukatar wanki da shan iska sau ɗaya a rana, ga kuma yadda ake yi. Ka kifa tafin hannunka a kan tebur, ka danna kan yatsan ya kwanta sosai, wani ya zare maka matokarin a hankali, a goge fatar da ruwa da sabulu, a tsane ta tsaf, sannan a zura matokarin ya koma ba tare da yatsan ya bar kan teburin yana lilo ba. Lokacin wanka ka rufe hannun da leda, domin danshin da ya kwana a ƙarƙashin roba yana sa fata ta yi fari ta saɓule.

Batun alwala kuwa, na san shi ne ya fi damun ka, kuma damuwa ce mai kyau. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin shafa a kan jabira, wato abin da aka ɗaura a kan rauni ko karaya wanda cire shi zai cutar. Ka je wurin malamin unguwarku ka faɗa masa abin da na faɗa maka game da cirewar, zai nuna maka yadda za ka yi. Kafin ka sake fara lissafi kuma, ka je a ɗauki hoton ƙashi, domin idan guntun da ya ɓalle babba ne, ko gaɓar ta goce, to sai an yi ɗan aiki. Jinkirin mako 3 bai ɓata komai ba, matokari yana yin aiki ko an fara shi a makare. Sai dai ka sani cewa wasu yatsun kan rage da ɗan rusunawa kaɗan bayan sun warke, wadda ba ta hana aiki.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi take, daga wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki, wadda ta ce tana fama da ciwon sukari shekara da shekaru. Idan ta farka da asuba sai ta tarar yatsanta na zobe ya maƙale a tafin hannu, sai ta sa ɗaya hannun ta ɓanɓaro shi, ya yi ƙas ya miƙe da zafi. Tana tambaya ko matokari irin wanda ta ga ana sayarwa zai yi mata amfani.

Hajiya, sannu da jiki. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ne ta cikin wani ƙunƙuntaccen kube a tafin hannu, kamar yadda zariya ke bi ta cikin ƙugun wando. Idan bakin kuben ya yi kauri, ko jijiyar ta yi ɗan ƙulli, sai ta shige da ƙyar ta kasa dawowa, ƙarar da kike ji kuma ta ƙullin ce lokacin da ya kuɓuce. Ki taɓa tafin hannunki daidai gindin yatsan, za ki ji wani ɗan ƙullutu mai zafi yana motsi idan kin motsa yatsan. Wannan lalura ta fi samun mata, musamman masu shekara 40 zuwa 60, ta kuma fi yawa ga masu ciwon sukari.

Matokarin da ake sayarwa na kan yatsa ba naki ba ne, nasa ne shi mai tsaron ragar. Naki shi ne wanda yake riƙe gaɓar da yatsa ya haɗu da tafin hannu, ko gaɓar tsakiya, ta yadda jijiyar ba za ta riƙa kaiwa da komowa ta cikin matsatsin ba. Akan sa shi kimanin mako 6, galibi da dare, domin mutum yakan dunƙule hannu a cikin barci, shi ya sa abin ya fi tsanani da safe. Ki kuma naɗa wa mariƙin almakashinki ƙyalle mai taushi, domin daidai wurin yake dannawa. Ina so in gaya miki gaskiya, ga mai ciwon sukari matokari shi kaɗai ba kullum yake wadatarwa ba. Idan mako 6 ya wuce babu sauƙi, akwai allurar da likita ke yi a cikin kuben, sai dai tana ɗaga sukarin jini na 'yan kwanaki, don haka ki sanar da shi ciwonki tun kafin ya yi. Idan ita ma ba ta yi ba, akwai ɗan ƙaramin aiki na tsaga bakin kuben, wanda ake kashe wurin kawai a yi, mutum ya koma gida a ranar.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Zariya, wanda ya ce ya haura shekara 65 kuma rabin rayuwarsa a rubutun Alƙur'ani ya yi ta. Gaɓoɓin ƙarshe na yatsunsa sun yi ƙulle-ƙulle masu tauri, gindin babban yatsansa kuma yana yi masa zogi idan ya riƙe alƙalami ko ya murɗa makulli. 'Ya'yansa sun kawo masa matokari, yana tambaya ko zai mayar da yatsun su miƙe kamar da.

Baba, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima, ya ƙara lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, matokari ba zai narkar da ƙullin ba, domin ƙashi ne ya tsiro a gefen gaɓar bayan guringuntsin da ke tsakani ya zaizaye. Wani likitan Ingila mai suna William Heberden ne ya bayyana waɗannan ƙulle-ƙulle a littafinsa da ya fito a 1802, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiran su. Abin da matokari zai iya yi maka shi ne rage zafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ya ci gaba da rubutu. Gaɓar da ta kumbura ta yi ɗumi, ka sa mata ɗan gajeren matokari da dare na 'yan makonni har ta lafa. Gindin babban yatsa kuwa yana da nasa na musamman, wanda ke zagaye gindin ya bar kan yatsan a sake, ana sa shi lokacin aiki a cire bayan an gama. A nan shawarata kishiyar wadda na ba ɗan Funtuwa ce: kada ka bar shi dare da rana, domin gaɓa mai amosani idan ta daɗe ba ta motsa ba sai ta ƙage, tsokar hannun kuma ta rame. Kowace safiya ka tsoma hannuwanka a ruwan ɗumi, ka riƙa dunƙulewa kana buɗewa a hankali. Alƙalamin kara siriri ne, yana tilasta wa babban yatsa matsewa da ƙarfi, don haka ka naɗa masa ƙyalle ya yi kauri. Ka kuma yi hattara da yawan shan ƙwayoyin kashe zafi irin su dikulofenak ba da sanin likita ba, domin suna cin ciki suna taɓa ƙoda, na shafawa ya fi aminci a shekarunka.

Bari in ƙara wani abu a nan saboda masu sauraro mata matasa. Idan gaɓoɓin tsakiya da na gindin yatsu ne suka kumbura a hannuwa biyu lokaci guda, kuma sanƙarewar safe tana kai awa guda ko fiye, to wannan wani nau'in amosani ne dabam, wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓi. Akwai matokari mai kama da zobba biyu a haɗe da ke hana gaɓar tsakiya lanƙwashewa ta baya, yana kuma taimakawa wajen kama abu, amma ba ya tsayar da cutar. Magungunan asibiti ne ke tsayar da ita, kuma wadda ta fara su da wuri ita ke tsira da yatsunta.

Wasiƙa ta huɗu daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta fito. Wani magidanci ne ya ce ɗansa mai shekara 14 ya faɗi a kan keke, yatsansa manuniya ya kumbura a gaɓar tsakiya, aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure yatsun huɗu gaba ɗaya da kara na mako 5. Yanzu an kwance, kumburin ya tafi, amma yaron ba ya iya dunƙule hannu.

Malam, wannan wasiƙa ta taɓa min zuciya, domin na sha ganin irinta: yaro ya miƙo hannu, yatsu huɗu a tsaye kamar an dasa, alhali guda ɗaya ne ya ji ciwo tun farko. Gaɓar tsakiya ta yatsa tana daga cikin gaɓoɓin da suka fi saurin ƙagewa a jikin ɗan Adam. Targaɗe na yau da kullum, wanda hoto ya nuna babu karaya babu gocewa, yawanci ba ya bukatar fiye da a haɗa yatsan da maƙwabcinsa da filasta, a sa 'yar auduga a tsakaninsu, a bar gaɓoɓin a buɗe suna motsi, na mako 2 zuwa 4. Lafiyayyen yatsan shi ne matokarin, yana tsare ɗan'uwansa daga karkacewa, yana kuma jan sa su lanƙwashe tare. Yanzu abin yi shi ne a ɗauki hoto a tabbatar gaɓar tana mazauninta, sannan a kai yaron sashen gashin ƙashi ba tare da jinkiri ba. Kada wani ya kama yatsun ya tanƙwara da ƙarfin tsiya, hakan sabon kumburi yake kawowa. Motsi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini shi ne magani, kuma ƙuruciyarsa tana tare da shi.

Duk wanda aka ɗaure wa yatsa, a asibiti ne ko a gida, a fara cire masa zobe kafin kumburi ya hana. Bayan ɗauri a bar farce a waje. A danna farcen har ya yi fari, a sake shi, jini ya kamata ya dawo cikin sakan 2. Idan bai dawo ba, ko kan yatsan ya yi sanyi, ya yi duhu, ya mutu ba a jin taɓi, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti. Likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano sun san yadda ɗauri mai tsanani ke kai mutum ga rasa gaɓa. Haka nan ba a rufe yatsa mai karkare ko buɗaɗɗen rauni a ƙarƙashin matokari, sai an fara magance ƙwayar cutar.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata uwa a Zangon Kumasi. Jaririnta ɗan wata 9 ne, bayan hannuwansa da yatsunsa sun kumbura, ƙafafunsa ma haka, yana ta kuka ga zazzaɓi, alhali bai faɗi ba. Tana tambaya ko ta ɗaure masa.

'Yar'uwa, kada ki ɗaure. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2, ba tare da rauni ba, yana daga cikin alamomin farko na cutar sikila. Ki ci gaba da shayar da shi sosai, ki lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi, ki kai shi asibiti yau ɗin nan saboda zazzaɓin, ki kuma nemi a yi masa gwajin jini na sikila. Sauran wasiƙun da suka shafi wuyan hannu za mu ɗauke su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.