'Yar Aiki ko 'Yar Riƙo? Safarar Yara da Ke Wucewa ta Tashar Kawo

Idan aka ce safarar mutane, hankalin yawancinmu Agadas yake tafiya, da hamada, da Libiya, da kwale-kwalen roba a kan teku. Wannan akwai shi. Amma yau tashar Kawo ta Kaduna za mu tsaya, da hantsi, lokacin da motocin ƙauye suke sauke fasinja.

Ga wata mata ta sauko, dattijuwa, da mayafinta da jakarta. Bayanta 'yan mata uku, babbarsu ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, kowace da ƙullin kaya a baƙar leda. Babu sarƙa, babu mai kuka. Ka tambaye ta, za ta ce maka jikokinta ne, ko 'ya'yan ƙanwarta. Kafin la'asar an raba su: ɗaya Unguwar Rimi, ɗaya Malali, ɗaya Barnawa. Sunan wannan mata a bakin mutane dillaliya, ko mai kawo 'yan aiki.

To me ya mayar da wannan safara? Yarjejeniyar Palamo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, ta ce abu uku ne ke haɗuwa. Akwai aikin kansa, wato ɗauko mutum, ko kai shi, ko ajiye shi, ko karɓarsa. Akwai hanyar da aka bi, ko tilas, ko yaudara, ko cin amanar rauninsa. Sai kuma manufa, wato a ci guminsa. Amma idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a ma neman na tsakiyan. Ko da murna yarinyar ta shigo mota, ko da uwarta ce ta ɗaure mata kayan da hannunta, matuƙar an kawo ta ne don a ci guminta, safara ce. Kuma ba sai an ƙetare iyakar ƙasa ba. Daga Giwa zuwa cikin Kaduna ma ya isa.

Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, a 2003, aka sake sabunta dokarta a 2015. A cikin dokar ta 2015 akwai wani sashe da gidaje da yawa ba su san da shi ba: ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi ne, hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai. Ba dillaliya kaɗai ya shafa ba, har wanda ya karɓa. Jihar Kaduna kuma tana da tata dokar ta kare yara da walwalarsu, ta 2018.

Na san abin da wani zai ce. Ai riƙo al'adarmu ce. Gaskiya ne. Da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi, wasu har ba su san ba mahaifiyarsu ba ce sai da suka girma. Riƙo zumunci ne, kuma ya rufa wa marayu da yawa asiri. Shi ya sa ma dillaliya take fakewa da shi, don ta san ba mai ɗaga murya a kan abin da ya gada.

Sai dai bambancin ba ya ɓuya ga mai son gani. 'Yar riƙo tare take cin abinci da yaran gida, tare suke tafiya makaranta, idan salla ta zo ɗinkinsu iri ɗaya. 'Yar aiki ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ita ke goya jakar yaran gida zuwa bakin makaranta, ta juyo ta kama wanke-wanke, alhali dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole ne. Sannan ga babbar tambaya: kuɗin aikin nata, hannun wa yake shiga? Ƙarshen wata dillaliya ce ke zuwa ta karɓa, ta cire nata, ta ce sauran ana tara wa yarinya na kayan ɗaki. Wani lokaci iyayen suna ganin wani abu. Wani lokaci sai shekara ta zagayo a ce ai ta fasa kofuna, ta ƙona atamfar Hajiya, an cire.

Ba na so mu ɗauki iyayen nan a matsayin marasa imani. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Birnin Gwari, yana zaune a kangon wani da 'ya'ya bakwai, idan aka ce masa za a ɗauke masa baki ɗaya, har a riƙa aiko masa da ɗan abin masara, kusan ba shi da zaɓi. Dillaliya ta san wannan. Inda rumbu ya ƙone, nan take fara sallama.

Yanzu mu shiga zuciyar yarinyar, don nan ne aka fi kuskure. Ka tambaye ta, ya gida, za ta ce lafiya lau. Ana dukanki? A'a. Sai mutane su ce to ai ga shi da bakinta. Amma yaron da aka raba da duk wanda ya sani, cinsa da kwanansa suka koma hannun mutum ɗaya, yakan koyi cewa tsirarsa tana cikin faranta wa mutumin nan. Har kare uwar ɗakinta za ta yi. Ga kunya da aka tarbiyyantar da ita a kai, ga tsoron kada a mayar da ita gida hannu rabbana a ce ta ja wa iyayenta asara.

Abin da baki ya kasa faɗa, jiki ne ke faɗarsa. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun tuni sai ta dawo da shi. Ka ɗaga hannu za ka ɗauki kofi, sai ta kare fuska. Tana ɓoye abinci a ƙarƙashin tabarma. Tana zama shiru ta ƙura wa bango ido, a kira sunanta sau uku ba ta ji ba. A gida sai a ce taurin kai ne, ko sata, ko aljanu, a ƙara mata da bulala. Masana halayyar ɗan Adam kuwa alamun razana suke gani, irin wadda ke zama a jikin yaro bayan an daɗe ana tsorata shi. Idan kuma akwai wani namiji a gidan da ke shiga inda take kwana, shirun ya fi haka nauyi.

Kaduna ta taɓa ganin inda shiru ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa da ake kira gidan gyaran tarbiyya, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu. Gidan kuma ba a daji yake ba, cikin unguwa yake.

Idan ka ga irin yarinyar nan a maƙwabta, kada ka tare ta da tambayoyi a gaban mutanen gidan, ita za ta sha hukuncin bayan ka tafi. Kada kuma ka ɗauki hotonta ka watsa a Facebook, hoton zai bi ta har ɗakin aurenta. Ka sanar da mai unguwa, ko ma'aikatar kula da walwalar jama'a ta jiha, ko ka kira NAPTIP a lamba 627. Idan akwai zargin fyaɗe, cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe suna nan a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan, kuma gaggawa tana da amfani, don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Mayar da ita gida kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Tana bukatar wanda zai saurare ta ba tare da tsawa ba, tana bukatar aji da malami, iyayenta kuma suna bukatar abin da zai riƙe su. In ba haka ba, yunwar da ta fito da ita tana nan inda ta bar ta, dillaliya kuma ta san hanyar gidan. Bayan girbi za ta sake sallama, wannan karon ta tambayi ƙanwar.