Yadda "az-zait" na Larabci ya zama sunan mai a Sifaniya da Fotugal

Ku duba kwalbar man zaitun daga Sifaniya. An rubuta *aceite* a jikinta, wato mai da Sifaniyanci. Wadda ta fito daga Fotugal kuwa tana ɗauke da *azeite*. Kalma ɗaya ce, kuma Bahaushe ya san 'yar'uwarta: zaitun.

Asalinta Larabci ne, *az-zait*, man zaitun. Ta shiga yankin Iberiya, wato Sifaniya da Fotugal, a zamanin Andalus, daga 711 da rundunar Ɗariƙu ɗan Ziyadu ta ƙetaro teku, har faɗuwar Garnaɗa a 1492.

Bari mu warware ta. Gaɓa biyu ce: *al*, sai *zait*. Da yake *z* harafin shamsiyya ne, lam ɗin ya narke cikinsa. Mutanen yankin suka ji kalmar a dunƙule, suka ɗauke ta da *al* ɗinta gaba ɗaya. Haka muka yi da annabi, addini da attajiri. Shi ya sa idan Basifaniye ya ce *el aceite*, ya faɗi *al* sau biyu ke nan bai sani ba, don *el* ita ce *al* ta Sifaniyanci.

Kafin zuwan Larabawa akwai kalmar Latin, *oleum*, wadda Rumawa suka aro daga Girkanci. Ba ta mutu ba. A Kataloniya, arewa maso gabashin Sifaniya, *oli* ake cewa har gobe, Baskawa na arewacin ƙasar kuma *olio*. Sifaniyanci ya bar wa masu zane da limaman coci *óleo*: fentin mai, da man shafawa na ibada. Wasu masana na ganin da *oleum* ta bi sauyin lafazin Kastiliya, mahaifar Sifaniyanci, da ta koma *ojo*, wato ido, sai aka rungumi ta Larabci don gudun rikicewa.

Rabon ya kai har gona. Bishiyar *olivo* ce, daga Latin. 'Ya'yanta *aceituna*, daga *az-zaituna*. Wurin matsar man kuwa *almazara*, daga *al-ma'asara*.

Ga inda masu koyo ke tuntuɓe. A Sifaniya *aceite* ya haɗa kowane mai, har baƙin man mota, don haka sai an ƙara *de oliva* in na zaitun ake nufi. A Fotugal *azeite* na zaitun ne, sauran duk *óleo*. Ka ce wa makanike a Lisbon ya zuba maka *azeite* a inji, sai ya tsaya yana kallonka. A Brazil kuma an ɗan sassauta: manja sunansa *azeite de dendê*.