Laccar Malamin Gona: Furen Riɗi a Gefen Gonar Shinkafa

Assalamu alaikum jama'a, na baya ku matso kusa, lasifikar nan ba ta da ƙarfi sosai.

Yawwa. Kowa a nan ya san ranar da ya ga ganyen shinkafarsa ya fara huji, abu na farko da yake yi shi ne ya saɓa injin feshi a baya. To ina so ku gane wani abu, duk ƙwaron da ke cin shinkafa shi ma akwai mai cinsa. Gizo-gizo na nan, mazari na nan, sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro da sai ka ƙura ido kafin ka gansu, su aikinsu kawai su nemo ƙwan ƙwaro su yi nasu ƙwan a ciki, sai ya lalace bai ƙyanƙyashe ba. Idan ka yi feshi da wuri su ne ke fara mutuwa, shi kuma mugun ya fi su saurin hayayyafa, sai ya dawo ya tarar ba mai tare shi. Abin da ya faru a Tailan kenan wajen 2009 da 2010, wani ƙwaro ruwan ƙasa mai tsotsar gindin shinkafa ya mayar da gonaki kamar an sa musu wuta, kuma a ƙasar da ake feshi sosai fa.

To su zanzaron nan me suke ci idan sun girma? Ruwan zaƙin fure. Shinkafa kuwa ba ta da shi, mu kuma mun bi kunyoyin tsakanin fangali mun ƙone da maganin ciyawa tas, wallahi abin na damuna, ka kori masu gadinka da yunwa sannan ka koma kana cin bashin kuɗin magani.

A lardin Zhejiang na ƙasar Sin riɗi suka shuka a kan kunyoyin. Riɗi dai, wannan namu da ake lodinsa a Maigatari. A lardin Tien Giang na Biyetnam ma furanni suka jera a bakin gonaki. An bi abin shekara 4 a Sin da Tailan da Biyetnam tare da masanan IRRI, wato cibiyar binciken shinkafa ta duniya, sakamako ya fito a 2016, feshi ya ragu da kashi 70 cikin 100, amfani ya ƙaru da kashi 5.

Ƙwarinsu ba duka ne irin namu ba, shi yasa ban ce ku juye gona gaba ɗaya ba. Ku gwada a gefe guda, riɗi ko kuɓewa, ku shuka da wuri yadda zai yi fure lokacin da shinkafa ke tofo, kuma kwana 40 na farko ku daure ku ajiye injin, hujin ganye a wannan lokacin shinkafa na mayar da shi da kanta. Da sassafe kafin raɓa ta bushe ku durƙusa ku ƙirga saƙar gizo-gizo a wannan gefen da wancan.

Alhaji na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.