Na'urar Neman Zinare Mai Shiga Ruwa: Abin da Sabon Shiga Zai Duba Kafin Ya Biya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Sudan, na Damazin da na Mai Wurno, na Gadarif da na Kasala, da ku da kuke can daji kuna kallonmu a waya ɗaya ku biyar.

Ku matso ku ga abin da ke hannuna. Wannan kan na'urata ce ta farko. Kun ga farin hazon nan a bayan gilashi? Daga ciki yake, ba ya goguwa. Bari in buɗe gidan batir. Wannan kore-koren da ya cinye ƙarafan, aikin ruwa ne. Da kuɗin riɗin da muka noma ni da yayana na saye ta, kuma mai shagon ya dafa ƙirji ya ce mini "diddal moya" ce, ruwa ba ya shigarta. Ƙarshen damina muka shiga wata korama a kudancin Damazin, ruwa iya gwiwa. Santsin dutse ya kwashe ni, kan na'urar ya nutse, bai fi a ce bismillahi ba na ciro shi. Ta yi wani dogon kuka, ta yi shiru. Ba ta sake tashi ba. Sai daga baya wani ya karanta mini takardar cikin kwalin: faifan ne kaɗai ruwa ba ya shiga, kan kuwa ko kaɗan ba a yarda ya nutse ba. Noman shekara guda ya tafi a nan, kuma har yau idan na ɗauki wannan akwati raina yakan sosu. Shi ya sa na zauna na yi muku wannan bidiyo.

Na'urar nan, wato jihazi kamar yadda dahaba (masu haƙar zinare) suke kiransa, kashi biyu ne da za su dame ka. Akwai faifai, wanda Larabawa ke cewa tabag, shi ne kake lilo da shi a kan ƙasa. Akwai kuma kai, inda ƙwaƙwalwa da maɓallai suke. Kusan kowane faifai na na'urar kirki yana jure ruwa, don haka wannan ba abin alfahari ba ne. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce, Alhaji, kan fa? Ɗauki Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostareliya, wadda sabbin shiga da yawa ke farawa da ita. Faifanta yana shiga ruwa har mita 1, amma kanta yayyafi kawai yake jurewa. Haka manyan nan masu tsada, GPX 6000 da GPZ 7000: faifai ya shiga ruwa, kai ya tsaya a waje. Tsada ba ta nufin nutso. Waɗanda ake tsunduma su gaba ɗaya daban suke. Equinox 800 da SDC 2300 da Garrett AT Gold ta Amurka suna kai wa mita 3, Gold Kruzer ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana kai wa mita 5.

Yanzu ku dubi waɗannan haruffa a jikin kwali: IP68. Mutane suna wuce su kamar ado ne, alhali nan gaskiyar take. Lamba ta biyu, 8, tana nufin an yi na'urar ta zauna cikin ruwa har zurfin da kamfanin ya faɗa. Da 4 ce, fantsama kawai take ɗauka. Lamba ta farko kuwa, 6, ta ƙura ce, ma'ana ƙura ba ta samun hanyar shiga ko kaɗan. A ganina, mu a Sudan wannan 6 ɗin ta fi mana 8 amfani. Wanda ya taɓa kwana a wajajen Abu Hamad ko bayan kasuwar Abidiya ya san abin da nake nufi. Shekara takan wuce ba a ga ruwan kirki ba, amma habub idan ya taso, ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama har cikin haƙoranka take shiga, balle maɓallin na'ura. Ga gumi da ke gangarowa daga hannu zuwa gilashi, kuma gumi gishiri ne. To na'urar da aka rufe ta ruf saboda ruwa, ta rufu ke nan daga ƙura da gumi. Saboda haka ko hamada za ka, kada ka raina mai shiga ruwa. Kuma hamadar ma takan ba da mamaki, mutanen Abu Hamad ba su manta da ruwan watan Agustan 2024 ba.

Amma ɗan'uwa, tsaya in faɗa maka abin da ya fi duk wannan nauyi. Ruwa ba shi ne zai hana ka samun zinare ba. Ƙasa ce. Inda zinare yake, galibi ƙasar cike take da ma'adinin ƙarfe: jar ƙasa, baƙin yashi, da wasu duwatsu da na'ura ke yi wa kuka kamar ta ga dukiya. Na'urar da ba ta iya daidaita kanta da irin wannan ƙasa, abin da ake kira muwazana, wuni za ta yi tana surutu a kunnenka, ka yi ta haƙa babu komai, ranar da ka bi ta kan zinare na gaske ma ba za ka bambance muryarsa ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko ana ce masa VLF. A cikin faifansa akwai naɗin waya biyu, ɗaya yana aika sigina ba tsayawa, ɗaya yana sauraron abin da ya dawo. Saurin siginar ana auna shi da kilohaz, kuma idan lambar ta yi sama na'urar takan fi jin ƙananan ƙwayoyi. AT Gold tana kan 18, Gold Monster 45, Gold Kruzer 61. Equinox 800 tana aika sigina iri-iri a lokaci guda, kuma za ka iya tsayar da ita kan 20 ko 40 idan zinare kake bi. Na'urar neman tsabar kuɗi a bakin teku, mai ƙaramar lamba, ko da tana nutso kamar kifi, za ta tsallake ƙwayar zinare ba ta ce uffan ba. Sai dai kunne mai kaifi komai yake ji. Babbar lamba tana jin ƙaramin zinare, tana kuma jin ƙarfen cikin ƙasa, kuma ba ta zurfi sosai.

Na biyu shi ne PI. Wannan bugu yake yi ya tsaya, kamar mai kiran mutum a bakin rijiya ya yi shiru ya saurari amsa. Amsar ƙasa takan mutu da wuri, ta ƙarfe takan ɗan jima, sai na'urar ta ɗauki ta biyun. Shi ya sa a muguwar ƙasa PI ta fi natsuwa, ta fi zurfi. GPX 4500 da GPX 5000 da suka cika dajin arewa tun farkon rububin zinare, duk PI ne. Kuɗinta kuwa yakan ninka na VLF sau da yawa, ta fi nauyi, kuma ba ta cika bambance ƙusa da zinare ba, dole ka haƙa kusan kowane kuka. GPZ 7000 ta haura kilo 3, Gold Monster da Equinox 800 ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. A shago ba za ka ji bambancin ba. Bayan awa shida a rana, kafaɗarka za ta gaya maka.

Ni dai idan ƙanina ne ya zo yau ya ce Yaya me zan saya, zan tambaye shi ina za shi. Idan koramun Kurmuk da Gisan ne, ya nemi VLF mai babbar lamba wadda kanta ma yake nutso, da ƙaramin faifai, domin babba ba ya shiga tsakanin duwatsu. Idan arewa ne inda dubban mutane suka riga suka share saman ƙasa, gaskiya VLF za ta wahalar da shi, gara su haɗa kuɗi su uku ko huɗu su sayi PI ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Wanda yake son PI mai nutso kuma, SDC 2300 tana nan, tana naɗewa ta shiga jaka, ƙwarewarta ƙananan ƙwayoyi ne da ba su yi nisa ba.

Akwai wata gaskiya da ba kowane mai shago zai faɗa maka ba. Yawancin zinaren da ke cikin ruwa gari ne, kuma babu jihazin da ke jin gari. Na'ura ƙwaya ɗaya take ji, ba ta tara ɓarɓashi ta haɗa lissafi. Wannan tsohon labari ne a ƙasarmu. Muhammad Ali Basha mai mulkin Masar ya turo runduna tun 1820, zinare yana cikin abin da ya kawo su, shi da kansa ya yi tattaki har Fazugli tsakanin 1838 da 1839, kuma abin da aka samu bai kai abin da ya sa rai ba, domin zinaren yankin wanke shi ake yi daga yashi kaɗan-kaɗan. Iyayenmu mata da ke wanke yashi da akushi a bakin korama sun san wannan. Saboda haka kada ka bar kaskon wanki a gida. Amfanin na'ura a korama shi ne ta bi maka tsagar dutse. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, ya fi yashi wajen sau 7, don haka nutsewa yake yi har sai ya tarar da dutsen ƙasa ya maƙale a tsaga, ko ya kwanta bayan babban dutse da cikin kwanar korama inda ruwa ke rage gudu. Nan za ka kai faifai, a hankali, yana shafar dutsen.

Mu koma shago. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka tafi da ƙwayar zinare ƙarama, wadda ba ta kai giram ɗaya ba, ka are ta idan ba ka da ita. In ba ta samu ba, ɗan guntun darma kamar ƙwayar dawa ya isa, amsarsu kusan ɗaya ce. Ka tafi da leda cike da ƙasar wurin da za ka yi aiki. Gwajin da ake yi a iska, a kaɗa zobe a gaban faifai ta yi ƙara kowa ya yi murmushi, ba gwaji ba ne, kowace na'ura tana cin wannan jarrabawa. Binne ƙwayar cikin ƙasarka, zurfin ɗan yatsa, ka saurara. Idan mai shago ya ce kan yana nutso, ka ce ya nuna maka a takardar kamfani, da lambar mita. Ka tambayi abin sawa a kunne ma, domin sau da yawa na'ura tana nutso amma wanda aka haɗo ta da shi ba ya nutso, sai ka sayi na ruwa daban.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman na GPX. Kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, ciki fanko. Ka duba lambar jikin na'ura, ka sa a tabbatar maka da ita wajen dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka karɓi rasit da takardar garanti. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas, ka ji tsoronsa, araha ba ta ado. Su kuma masu eriya da ake cewa suna nuna zinare daga nisan kilomita, ko suna gani mita ashirin a ƙarƙashin ƙasa, riƙe kuɗinka. Ƙwaya ƙarama a ɗan yatsa zuwa taki ake jin ta, babban curi ne kawai ake ji a zurfin da ya wuce haka.

Idan ka saya, ga zoben robar nan da ke bakin murfin batir da wajen jona waya. Shi ne duk tsaron na'urar. Ƙwayar yashi ɗaya ta kwanta a kansa, ruwa ya sami ƙofa. Kafin ka shiga korama ka goge shi da tsumma mai tsabta, idan ya tsage ka canja. Kada ka bar na'ura a cikin mota ko a bayan boksi, wato a-kori-kura, rana tana dukanta, zafi yana busar da roba yana kashe batir, kuma kada ka ɗauko ta da zafinta ka tsoma a ruwan sanyi. Wanda ya kai ta bakin teku a Bur Sudan ya ɗauraye ta da ruwan daɗi kafin gishiri ya bushe a jikinta.

Abu biyu kuma da suka shafi rai. Korama a damina ba ta sallama. Sama tana iya zama fes a kanka, an yi ruwa can kan duwatsu, sai dai ka ji ruri. Kana sanye da abin kunne ba za ka ji ba, don haka ko dai ka bar kunne ɗaya a buɗe, ko abokinka ya tsaya a gaɓa yana duba sama. Na biyu, jihazi ƙarfe yake ji, bai san na alheri da na sharri ba. Yankin Kurmuk ya ga yaƙi shekara da shekaru, kuma tun watan Afrilun 2023 harsasai da bama-baman da ba su fashe ba sun watsu a wurare da yawa. Kafin ka kunna na'ura a sabon wuri ka je wajen mutanen gari da shehinsu, ka nemi izini, ka tambayi inda ba a takawa, ka kuma yi takardunka wajen hukumar ma'adinai. Idan kana haƙa ka ga ƙarfe mai tsatsa mai siffar kwalba ko gwangwani, ajiye diga. Ka koma ta sawun da ka zo, ka sa alama daga nesa, ka sanar.

A bidiyo na gaba za mu fita da na'ura bayan gari, in binne wannan ƙwayar a jar ƙasa da baƙin yashi, ku ji da kunnenku yadda kukan zinare ya bambanta da na dutse. Wanda yake da jihazi ya zo da nasa. Allah ya ba da sa'a, sai mun haɗu.