An ba ni kwas ɗin laburare, na shiga uku ne?

Ummi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Ummi, ga Bashir nan yana fama da waya kamar kullum, sannan yau Anti Rabi ta dawo.

Bashir: Ba fama nake ba, saƙonni nake dubawa. Kin san tunda aka fara sakin admishin ɗin nan wayata ba ta huta ba, kowa magana ɗaya, na cike shari'a an ba ni laburare, na cike aikin jarida an ba ni laburare. Wata ma cewa ta yi kwana biyu tana kuka.

Anti Rabi: Kuka kuma? Sai ka ce an yi mata auren dole.

Bashir: Ai kusan shi ne Anti, JAMB ce waliyyiya.

Anti Rabi: To ni ma haka aka yi min, kuma ga ni ban mutu ba. Ranar da na kai wa babanmu takardar sai da ya juya ta gaba da baya ya ce, yanzu Rabi shekara huɗu za ki yi ana koya miki kakkaɓe ƙurar littafi? Har yau in na je gida ƙannena mai gadin littattafai suke ce min.

Ummi: To gaskiya Anti ni ma tambayata ke nan, me ake koya muku har shekara huɗu?

Anti Rabi: Yawwa 'yar nan, bari in tambaye ki. Kin taɓa shiga laburaren Kashim Ibrahim a Zariya?

Ummi: Na taɓa, shan esi.

Anti Rabi: To ki ɗauka littafi ɗaya kike nema a cikin wannan uban gini, aka ba ki wata 'yar lamba kika hau bene kika je kanta kaza kika zaro shi cikin minti biyar. Wa ya sa ya zauna a nan ba can ba? Wani ne ya zauna ya duba littafin, ya yanke hukuncin fanninsa, ya ba shi lamba, ya shigar da shi katalog, wato kundin jerin littattafan laburaren. In ya yi kuskuren lamba ɗaya littafin ya ɓata ke nan alhali yana cikin ginin, sai a shekara goma ba wanda ya taɓa shi. Mu muna ce wa wajen nan ɗakin katalog, kuma masu karatu ba sa ma ganin mu, muna can ciki. Tsari biyu ne aka fi amfani da su, na Dewey da na laburaren majalisar Amurka, jami'o'inmu galibi na biyun suke bi. Na Dewey ɗin ma akwai abin haushi, mutumin ya fito da shi a 1876, ya ware wa addini lamba 200 zuwa 299, amma kusan duka ya cika su da Kiristanci, Musulunci gaba ɗayansa, tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, an cusa shi a 297 kawai. Sai ki ga lamba tana ta jan jela bayan ɗigo kamar lambar asusun banki.

Bashir: To duk mun ji, amma albashi fa? Yarinyar nan ba lambar Dewey ce ta sa ta kuka ba.

Anti Rabi: Ina zuwa Bash, kai dai ba ka da haƙuri. Abin da mutane ba su sani ba, a jami'a ma'aikacin laburare mai digiri ana lissafa shi cikin malamai ne. Tsarin albashinmu ɗaya da lakcarori, muna cikin ASUU, in an tafi yajin aiki da mu ake tafiya, in an riƙe albashi har da namu.

Bashir: Wannan talla ce ko gargaɗi?

Anti Rabi: Duka biyun. Kuma ƙarin girma ba ya zuwa haka nan, sai ka yi mastas, sai ka yi ta rubuta maƙala ana bugawa, in kana son kai wa ƙoli sai da digirin digirgir. Shugaban laburaren jami'a kuwa yana cikin manyan jami'an gudanarwa, sahu ɗaya da rajistara da basa mai kula da kuɗi, da su ake zama da VC, shugaban jami'a. To ka gaya min mai kakkaɓe ƙura ne wannan. Masu difloma su ma suna da layinsu daban, sai dai akwai inda suke tsayawa, shi ya sa kullum nake ce musu su daure su ɗora. Sannan akwai rajista da LRCN, hukumar yi wa ƙwararrun ma'aikatan laburare rajista da aka kafa da dokar 1995, in ba ka yi ba a hukumance ba ka cika ba, kuma yanzu tallan aiki da yawa sai ka ga sun rubuta ta a ciki.

Ummi: Bashir ai shi ma yana da rajista a laburare, ta masu laifi.

Bashir: Ummi don Allah kar ki fara.

Ummi: A'a sai ka faɗa. Jama'a wannan bawan Allah sai da ya kusa rasa tafiya bautar ƙasa saboda littafi ɗaya.

Bashir: Ba haka aka yi ba. Na ari littafi ina aji biyu, wani abokin ɗakina ya ara a hannuna, shi kuma ya ara wa budurwarsa, suka ɓata, ta tafi da littafin. Ni na manta shaf. Sai ranar kiliyarans, na gama zaga ko'ina an buga min hatimi, saura laburare kawai, wani dattijo ya jawo wata 'yar durowa ya yi ta fifita kati da yatsa, ya zaro ɗaya ya ɗaga min. Ga sa hannuna nan ɓaro-ɓaro.

Anti Rabi: Allah ya yi wa dattijon nan albarka.

Bashir: Anti ke ma? Na ce baba a yi haƙuri, ya ce yaro ni ba ni da matsala da kai, littafi ne yake da matsala da kai.

Ummi: Littafi ne yake da matsala da kai!

Bashir: Sai da na nemo lambar yarinyar, ashe ta yi aure har da goyo, mijin ne ma ya ɗauka, na rasa ta inda zan fara, na ce ranka ya daɗe wani littafi ne.

Ummi: Ya ce wane littafi, na soyayya?

Bashir: Na tattalin arziki ne wallahi, bango ja. Ƙarshe a Sabon Gari na samo wani kwance na saya, na kai, dattijon ya duba ya ce wannan bugu na uku ne, namu na huɗu.

Anti Rabi: Ya yi daidai, bugu ba ɗaya ba ne.

Bashir: Kun gani ko, duk halinsu ɗaya. Shi ya sa har yau in na wuce laburaren Murtala a Kano sai na ji gabana ya faɗi.

Ummi: Kar littafi ya gane ka.

Bashir: Mu koma kan magana don Allah.

Anti Rabi: To a koma. Ni ba zan yi wa yaran nan ƙarya ba, gurbin gwamnati ya yi kaɗan. ABU ta fara koyar da kwas ɗin nan tun 1968, yanzu ga BUK ga Maiduguri ga jami'o'in jihohi ga kwalejoji, kowace shekara ana yaye ɗalibai, su kuma laburaren jihohi wasu an fi shekara nawa ba a ɗauki sabon ma'aikaci ba, ka shiga ka tarar da jaridun bara da fanka ɗaya. Hedikwatar laburaren ƙasa ma da ke Abuja tun 2006 aka ba da kwangilarta, shekara da shekaru ana wucewa ana kallon kango. To wanda ya riƙe kwali kawai yana jiran a kira shi, zai daɗe.

Ummi: To ina mafita?

Anti Rabi: Na farko kwamfuta. Ki iya Koha, manhaja ce kyauta da ake tafiyar da laburare da ita, ki sauke ki yi ta wasa da ita a laftof ɗinki tun kina aji biyu. Makarantun kuɗi, asibitocin koyarwa, kotuna, ofisoshin lauyoyi, gidajen rediyo, duk suna da tulin takardu da faya-fayai da ba wanda ya san kansu. Amma ni inda raina yake, kuma nan ne nake ganin yaranmu sun fi kowa dama, rubuce-rubucen hannu ne. Je ki Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, ko gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kadunan, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, har Yamai akwai su a IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar can. Takardu ne na Larabci da ajami, wasu ba bango ba sunan mawallafi, an ɗaure su da tsirkiya cikin gafaka. Na taɓa zama da wani ɗaurin, na buɗe gara ta ci gefe, tawadar ta koma ruwan ƙasa, warƙoƙin ba lamba, abin da zai nuna miki shafi na gaba shi ne 'yar kalmar nan da marubuci yake sawa a ƙasan shafi. Wanda ya yi boko zalla ba zai iya karanta shi ba, malamin zaure kuma zai karanta tsaf amma bai san katalog ba. Yaron da ya yi allo ya saba da rubutun warashu, sannan aka jefa shi kwas ɗin laburare yana kuka, shi ne mutumin da ake nema ruwa a jallo, shi kuma bai ma sani ba.

Bashir: Kai, wannan kam ban taɓa tunaninsa ba.

Anti Rabi: Ai ba ka zama lafiya da littafi ba balle ka yi tunani.

Ummi: Anti mun yi alkawarin za mu lissafo musu matakai biyar kafin mu rufe, ga shi mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga min hannu wai man janareto.

Anti Rabi: Biyar? Na faɗi nawa?

Bashir: Ɗaya da rabi.

Anti Rabi: To su yi rajista, su koyi Koha, sauran sai wani makon. Ita kuma mai kukan ka turo min ita in yi mata magana da kaina.

Ummi: Shi ke nan jama'a, ku ci gaba da turo saƙo. Wanda kuma ya san inda bugu na huɗu yake, bango ja...

Bashir: Kashe abin nan Ummi.