Gerda Lerner da tarihin matan da ba sarauniyoyi ba

(An rubuto daga muryar laccar da wata malamar tarihi ta yi wa ɗalibai a Damagaram. An rage gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata da ke gaba, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zafi.

Matar da zan yi magana a kanta Bayahudiya ce, sunanta Gerda Lerner, an haife ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1920. Da mutanen Hitila suka mamaye ƙasar a 1938 sai aka kulle ta da mahaifiyarta, a kurkuku ta cika shekara 18. A 1939 ta samu ta tsere Amurka. Can ta yi aikin kai wa mutane abinci a gidan cin abinci, ta yi na ofis, ta yi na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ta yi aure, ta haifi ƴaƴa biyu. Sai da ta kai shekara 38 ta shiga jami'a. Na ga wasu daga baya suna murmushi. To, wadda ke cewa karatu ya wuce ta don tana goyo, ta ji.

Ta gama digirin dakta a Jami'ar Kolombiya a 1966, a kan wasu mata biyu, ya da ƙanwa, Sarah da Angelina Grimké. Ƴaƴan wani alƙali ne mai bayi a Karolina ta Kudu. Cikin daula suka tashi, bayi na yi musu hidima, amma suka bar gida suka koma arewacin ƙasar suna yawon wa'azi a hana bauta. A 1838 Angelina ta tsaya gaban ƴan majalisar Masacuset ta yi jawabi, a zamanin da tsayuwar mace gaban maza abin kunya ne. Littafin ya fito a 1967.

Da a nan ta tsaya, da ba mu taru yau ba. Ta gane littafi guda ba ya canza yadda ake koyarwa, sai an samu masu koyarwar. A 1972 ta buɗe karatun digiri na biyu kan tarihin mata a kwalejin Sarah Lawrence, irinsa na farko a Amurka. A 1980 ta koma Jami'ar Wiskonsin ta kafa na dakta. Ta rasu a 2013 tana da shekara 92.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ita da ta fara da tarihin fitattun mata, ita ce kuma ta ja kunne cewa kada a tsaya nan. A ganinta, tsamo mace ɗaya da ta yi abin da maza ke yabo, a ɗora ta kan jerin sarakuna, matakin farko ne kawai. Mu kuwa a nan muka yada zango. Ka ce wa ɗalibi ya kawo matan tarihi, zai ce Amina ta Zazzau, Nana Asma'u, Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine), a 1899. Madalla da su. Amma jajin Asma'u, wato matan da ta horar su koyar, da suka riƙa takowa daga ƙauyuka da ƴan taru, ɗalibansu mata, a bayansu, wa ya san sunan biyar daga ciki?

Mu dawo gida. Kowa a ɗakin nan ya san Sarki Tanimun na Damagaram, ya san ganuwar Birni, ya san ayarin Tarabulus da ke sauka a unguwar Zango. Wa ya daka hatsin da masu ginin ganuwa suka ci? Wa ya kaɗa zaren da aka saƙa aka sayar? Kuyangin da aka kamo wurin yaƙi, ina jikokinsu, me aka faɗa musu? An ce ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Nasara ya ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram ya mayar Yamai a 1926. Shi ya tashi. Matar da ke sammako da tulu ba ta tashi ba, kuma ba a rahoton kwamanda za ku same ta ba, don shi haraji da sarakuna ne damuwarsa.

Lerner ta yi sa'a, matanta sun bar wasiƙu. Namu abin yana baki, kuma ana iya kamo shi. A 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo, tsohuwa a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwarta da alƙalami kawai. Ku kuna da salula mai ɗaukar murya.

Sai dai a iya tambaya. In kika ce, "Kaka, ba ni tarihin Damagaram," za ta ce ki tafi fada, ita ba ta san komai ba. Ki zauna kan tabarmarta ki nuna kwanon da ke saman jere, ki ce, "Wannan wa ya saya miki?" Daga nan za ki ji sana'ar mahaifiyarta, da adashin da aka zuba, da kuɗin tiyar hatsi a shekarar aurenta, da abin da aka fara sayarwa daga ɗakin a yunwar 1984. Ki nemi izininta kafin ki danna salula, ki rubuta rana da unguwa, kada kuma ki gyara mata Hausa.

Shugaban zama yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata.